Yadda ake zama a tsibirin Zanzibar ba tare da kuɗinka ya ƙare a bakin teku ba

Abu na farko da zan faɗa maka shi ne Zanzibar biyu ce. Akwai wadda kake gani a hotunan Instagram, farin rairayi, ruwa shuɗi kamar an zuba masa shuni, otal mai kwana ɗaya da kuɗin hayar wani na wata guda. Akwai kuma ta mutanen gari, masu hawa daladala, wato ƙaramar motar haya ta jama'a, su je kasuwar Darajani su sayo kifi da ayaba su koma gida. Ta farko da lissafin dala take tafiya, ta biyu da shilin. In sati ɗaya za ka yi to ba komai ka zauna a ta farkon ka sha iska ka dawo, amma in zama ne ya kai ka, aiki ko karatu ko neman kasuwa, dole ka san yadda za ka tsallaka zuwa ta biyun da wuri, in ba haka ba wallahi kafin wata uku ka fara kiran gida a turo maka.

Mu fara da takardu don nan ne ake yawan faɗuwa tun ba a tashi ba. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika ranar 26 ga Afrilu 1964, amma tana da shugabanta da majalisarta, shi ya sa ko daga Dar es Salaam ka shigo ta jirgin ruwa sai an sake duba fasfonka. Mai fasfon Najeriya ba ya samun biza a filin jirgi kamar yadda Bature ke samu, tamu irin wadda sai an tura takardun hedkwatar shige da fice an amince ce tukun, kuma tana iya ɗaukar makonni. Don haka kar ka kuskura ka yanki tikiti kafin bizar ta fito, cike ta a shafin hukumar da kanka ta intanet, ka haƙura ka jira. Katin rigakafin shawara kuma, wannan mai ruwan ɗorawa, ka sa shi cikin fasfo kar ya bar wurin. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga tsibirin sai ya sayi inshorar tafiya ta kamfanin inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44 aka sa mata lokacin da aka fara, ko kana da wata inshorar daga gida ba ruwansu. Biya ta intanet kafin ka tashi ya fi maka sauƙi da tsayuwa a layi bayan ka kwana a hanya.

Bizar ziyara ba ta ba ka damar yin aiki ba fa. Izinin zama kashi uku ne, A na masu zuba jari, B na wanda kamfani ya ɗauka aiki, C na ɗalibai da makamantansu. In wani ya ce maka zo kawai mu fara aiki za a gyara takardu daga baya, ka ce masa a gyara tukun sai ka zo. Haka ƙasa, baƙo ba ya mallakar fili a can, haya ce ta dogon lokaci ta hannun hukuma, duk wanda ya nuna maka fili a bakin ruwa ya ce kawo kuɗi gobe ya zama naka to ka riƙe aljihunka da kyau.

Hanya ba wuya, Ethiopian ta Addis Ababa ko Kenya Airways ta Nairobi, ka sauka filin jirgin Abeid Amani Karume. Agogonsu na gaban namu da awa biyu.

To amma akwai wani agogon da ba wanda zai gaya maka sai ya ci ka. Masu jin Sawahili suna fara ƙirga awa ne daga fitowar rana, wato ƙarfe bakwai na safe ita ce saa moja, awa ta ɗaya, sha biyun rana kuma saa sita. Ni da kaina mai gidan da zan kama haya ya ce min in zo saa nne, na ji nne huɗu ne sai na kwanta abina na bari sai bayan la'asar na je, ashe bawan Allah ƙarfe goma na safe yake nufi, ya jira ya gaji ya ba wani ɗakin. Dabarar ita ce ka ƙara shida a kan abin da aka faɗa ko ka rage shida, kuma kullum ka tambaya asubuhi ne ko jioni, safe ko yamma.

Maganar gida. Kwana huɗu ko biyar na farko ka sauka a ƙaramin masauki cikin Stone Town, su Mji Mkongwe suke ce mata, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Ka zaga lungunan nan masu ƙunci da mota ba ta shiga, za ka ɓata sau goma ba komai, duk inda ka bi ƙarshenta ko teku ko babban titi. Amma kar ka kama hayar shekara a nan, tsada ga ɗumi ga tsofaffin gine-gine masu yoyo. Ka tsallaka ɗaya gefen da suke kira Ng'ambo, wajen su Michenzani inda dogayen benayen nan na zamanin Karume, shugaban Zanzibar na farko, suke waɗanda Jamus ta Gabas ta taimaka aka gina, ko ka ƙara gaba su Mwanakwerekwe da Bububu da Mbweni. Mai nemo maka gida sunansa dalali, ka ji ai dillalinmu ne sak, kuma halin ma ɗaya ne, la'adarsa yake so. Yawanci sai an biya watanni da yawa a gaba. Kafin ka ba da ko sisi ka buɗe famfo ka gani, ka ɗanɗana ruwan don wasu rijiyoyin kusa da teku gishiri-gishiri ne, ka tambayi maƙwabta ba mai gida ba ko unguwar na cika da ruwa lokacin damina, ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Wuta ta kati ce, kana saya ta waya. Daga babban yankin ƙasar ake jawo ta ta ƙarƙashin teku, kuma a ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010 layin ya lalace tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu, har yau dattawa na ba da labarin. Yanzu da sauƙi sosai amma dai ana ɗaukewa, abin da ba zai ba ɗan Najeriya tsoro ba. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku.

Abin da ya fi ba ni wahala ba zafi ba ne, wanda ya sha watan Afrilu a Sakkwato zafin Zanzibar wasa ne a wurinsa. Laima ce matsalar. Iska ɗauke take da ruwa da gishiri, ka yi wanka ka fito kana zufa, takalmin fata ka ajiye sati biyu ka dawo ya yi fumfuna, kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa, shaddar da ka ninke a akwati ta fara wari. Saboda haka ka riƙa shanya kaya akai-akai, kar ka jingina akwati da bango, laftof da waya ka nisanta su da taga mai kallon teku. Manyan kaya ɗaya ko biyu na Juma'a sun isa, sauran ka kawo yadi mara nauyi. Babbar damina masika ce, Maris zuwa Mayu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal na rufewa ma kuma lokacin ne komai ke araha. Ƙaramar kuma vuli, wajen Nuwamba da Disamba. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi. Gidan sauro dole ne, maleriya ta ragu ƙwarai a tsibirin amma ba ta ƙare ba.

Kuɗi kuwa, ka zo da dala sabbi, tsofaffin bugu ana ƙin karɓa ko a karya musu daraja, ka canza a wurin canji mai lasisi. A 2025 gwamnati ta fitar da doka cewa cinikin cikin gida da shilin za a yi shi, wanda dama shi ya fi maka. Ka yi rajistar layi da fasfonka ka buɗe asusun waya irin su M-Pesa, da shi ake biyan kusan komai. Naira kam ka bar ta a gida ba inda za ta yi maka amfani. Kuma kar ka cusa kaya a leda, an hana ledar cefane a ƙasar tun 2019.

Sai harshe, kuma a nan muke da sa'a. Sawahili ya sha Larabci kamar yadda Hausa ta sha, za ka ji dunia, ka ji habari wato labari, sabuni sabulu, kalamu alƙalami, Alhamisi da Ijumaa. Ka gaida babba da shikamoo ya amsa maka marahaba, in za ka shiga gida ka ce hodi a ce maka karibu. Su ma kamar mu ba a faɗa wa mutum buƙata kafin a gaisa. Ranar da ka iya cewa bei gani, nawa ne, ka kuma iya cewa punguza, rage min, farashin tumatir zai sauko da kansa. Fatarmu ɗaya da su, in ka sa jallabiya da hula ba mai ganewa sai ka buɗe baki da Turanci. Samarin da ke bin baƙi a tashar jirgin ruwa da bakin teku ana ce musu papasi, ma'anarsa kaska, kuma sunan ya dace. Ka ce hapana asante ka ci gaba da tafiya, kar ka miƙa wa kowa jakarka.

Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci a kowane lungu, nama halal ba sai ka tambaya ba. Yawancinsu Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa tun zamanin sarakunan Oman, don haka in ka ga wani ɗan bambanci a sallah kar ka tsaya gyara wa liman, ka bi kawai. Da azumi ba a cin abinci a fili da rana. Wanda ya samu lokaci ya je Kizimkazi can kudu, akwai tsohon masallaci da rubutun Larabci na tsohon salon Kufi mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1107.

Abinci zai ɗan ba ka mamaki, ƙasar kayan ƙamshi ce, kanumfari da kirfa da sauransu, amma ba sa cin yaji irin namu, komai da madarar kwakwa. Pilau da biryani za ka so su, ugali tuwon masara ne ba wani abu ba, urojo wani romo ne mai tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki, chipsi mayai kuma dankali ne da ƙwai a soye tare. Pweza, wannan halittar ruwan mai hannuwa takwas, sai da na yi wata biyu kafin na iya kai ta baki. Filin Forodhani da ke bakin teku a Stone Town da daddare ka je sau ɗaya ka sha ruwan rake ka kalli yara na tsalle cikin teku, amma kifin da aka jera a can ka kula, wani ya kwana. Ka zo da yajinka da daddawa da garin kuka. Abin haushi itacen kuka na nan birjik, 'ya'yan suke shafa wa jan sukari su tsotsa suna kira ubuyu, miyar ganyen ce dai ba ka samu. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka ci, a Maris 2024 mutum tara ya kashe a Pemba, ɗaya babban tsibirin na Zanzibar, takwas yara.

Zirga-zirga daladala ce mafi araha, tana da lamba da sunan inda za ta, sai dai ba ta tashi sai ta cika. In za ka yi hayar mota ko babur sai an yi maka ɗan izinin tuƙi na tsibirin a kan lasisinka, kuma hannun hagu suke bi, zagayen shataletale na farko sai ka nutsu. Zuwa Dar jirgin ruwa mai gudu awa biyu ne, ka sayi tikiti a ainihin ofishin kamfanin ba a hannun wani a titi ba, mai izinin zama kuma yana biyan ƙasa da na baƙo. Lokacin iskar kudu da suke kira kusi, wajen Yuni zuwa Agusta, teku na hauka, ɗauki jirgin safe kuma kar ka cika ciki. Jirgin da ka ga an lafta masa kaya da mutane kar ka hau, a Satumba 2011 MV Spice Islander ya nutse a hanyar Pemba mutane da yawan gaske suka rasu.

Teku kanta sai ka koyi halinta musamman mu da muka taso ba mu san ruwa ba sai na kududdufi da dam. Sau biyu a yini take cika ta janye. A gabas, su Paje da Jambiani, in ta janye sai ka ga fili fetal har ido ya gaji, mata sun shiga suna aikin gonar ciyawar teku da suke kira mwani, kai kuma daɗi ya ɗebe ka ka yi ta tafiya ciki, to dawowar ruwan ta fi saurin da kake zato, musamman kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa. Ka duba jadawalin cikar ruwa a waya kafin ka shiga, ko ka tambayi masunta, ka sa takalmin roba saboda wata aba mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance a ƙasa, in ka taka ta ranar ta ƙare. Wanda ke son wanka ko wane lokaci ya nufi arewa, Nungwi da Kendwa, can ruwan bai cika janyewa da nisa ba. In ba ka iya iyo ba kuma aka ce a hau kwalekwale zuwa ɗan tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, ka karɓi rigar ruwa ka ɗaure ta tun kafin a kunna inji, ko da yaran jirgin za su yi maka dariya.