Ƙashi ko guringuntsi? Ku nemi albasa

'Yan'uwa ɗalibai masu jarrabawar duba nama a madubin likita, ga dabarar da ta fisshe ni. Ku je wurin mahauta a babbar kasuwar Katsina, a saro muku gaɓar ƙafar saniya. Farin nan mai santsi a bakin gaɓar shi ne guringuntsi. A madubi, ƙwayoyinsa na zaune bibbiyu ko hurhuɗu cikin 'yan ramuka, babu jijiyar jini, shi ya sa ba ya saurin warkewa.

Ƙashi mai tauri kuwa, a madubi zobe-zobe ne kamar yankakkiyar albasa, da ramin da jijiyar jini ke bi a tsakiya, ramin da wani likitan Ingila, Clopton Havers, ya bayyana a 1691. Kun ga albasa, ku rubuta ƙashi. Ƙafar kuma a kai wa Inna ta yi farfesu.