Yadda za ka gane shawarar da za ka bar wa matashi, da wadda za ka riƙe

Na yi shekaru ina koyar da yara masu shekara 13 zuwa 18, kuma biyu daga cikin 'ya'yana a wannan zangon suke yanzu. Tambayar da iyaye suka fi kawo mini ita ce: yaron da jiya ya zauna ya zayyana haɗarin gudu da babur tiryan-tiryan, yaya aka yi yau aka gan shi yana tsere da abokai? Sai su ce yaron munafuki ne. Ni ban yarda da hakan ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta gama girma gaba ɗaya a lokaci guda. Sashen da ke neman daɗi da yabon tsara yakan tashi da ƙarfinsa tun farkon balaga. Sashen da ke bayan goshi kuwa, mai taka birki da hangen abin da zai biyo baya, yana ci gaba da ginuwa har a haura shekara 20. Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka ya nuna cewa idan hankali a kwance yake kuma akwai lokaci, ɗan shekara 16 yana auna magana kusan kamar babba. Matsalar tana zuwa ne idan jini ya ɗau zafi. A wani gwaji da aka wallafa a 2005, shi da Margo Gardner sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. Da aka zaunar da abokai suna kallo, kasadar da matasa ke yi ta kusa ninkawa, ta manya kuwa ba ta canja sosai ba.

Saboda haka abu na farko da nake yi idan shawara ta taso, ba shekarun yaron kaɗai nake dubawa ba. Nakan tambayi kaina: wannan za a yanke ta ne a zaune, ko a tsaye cikin abokai? Wadda ake yankewa a zaune, irin su darussan da zai zaɓa, sana'ar da yake so, yadda zai kashe kuɗin da ya tara, ka sakar masa ita. Ka faɗi ra'ayinka, ka ba shi kwana biyu, sannan ka karɓi abin da ya zaɓa ko bai yi maka daɗi ba. Doka ma ta san wannan. A shari'ar Gillick ta 1985, kotun ƙoli ta Ingila a wancan lokaci ta ce yaron da bai kai 16 ba yana iya amincewa a yi masa magani idan ya fahimci abin da ake nufi sosai.

Wadda ake yankewa a tsaye ita ce ke buƙatar hannunka, kuma tun kafin ranar ta zo. Ka sa ƙa'ida a kan yanayin: kada ya tuƙa da abokai cike da mota, kada ya kai dare a waje. Ni da ɗana muna da kalma guda. Idan ya kira ya ce, "Baba, na manta makulli," na san yana wurin da yake son fita daga ciki ba tare da ya ji kunya a gaban abokansa ba. Sai in je in ɗauko shi, kuma ba na tambayar komai a daren. Sau biyu ya yi amfani da ita.

In ya yi laifi, kada ka ce yaro ne a bar shi. Ya biya abin da ya ɓata, ya je da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Amma horon ya kasance mai ƙarewa, wanda yake barin ƙofar dawowa. Hanyar da kotuna da yawa suka bi ke nan. A 2005, a shari'ar Roper, Kotun Ƙolin Amurka ta hana hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi kafin ya cika 18, a 2012 kuma ta hana dokar da ke tilasta ɗaure irinsu har mutuwa ba damar saki. Hujjarta ita ce halin matashi bai gama kafuwa ba, kuma tsara na saurin jan sa. Ƙasashe sun bambanta sosai a kan shekarun da ake fara tuhumar yaro: Ingila 10, Jamus 14. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya nemi a 2019 kada a yi ƙasa da 14. Ka binciki na ƙasarka tun yanzu, kada ka jira sai an buga maka waya.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne ɗakin tambayoyi. Matashi a gaban 'yan sanda, cikin tsoro da gajiya, abin da yake so kawai a sake shi ya tafi gida, kuma yana iya amsa laifin da bai yi ba. A New York a 1989, yara biyar masu shekara 14 zuwa 16 sun amsa laifin kai wa wata mata hari a Central Park. Sai a 2002 aka soke hukuncinsu, bayan wani ya fito ya ce shi ne, gwajin ƙwayar halitta kuma ya tabbatar. Ka koya wa ɗanka ko 'yarka jimla ɗaya, ku maimaita ta a gida har ta zauna: "Don Allah a kira mini iyayena da lauya kafin in yi magana." Ya faɗi sunansa cikin ladabi, kada ya gudu, kada ya sa hannu a wata takarda sai kun iso.