Yaro mai galahanga a gidan haya: gano abin da ke birkita shi, da abin yi idan ya birkice

A gidan haya irin na unguwannin Aboabo ko Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana, inda ɗakuna da yawa ke kallon tsakar gida ɗaya, ƙara ba ta yankewa daga asuba har dare: lasifikar masallaci, daka, injin niƙa, rediyon maƙwabta, hon ɗin pragya, wato babur mai ƙafa uku. Yawancin yara kunnensu kan watsar da wannan duka. Mai galahanga kuwa sau da yawa komai shigarsa yake da ƙarfi ɗaya, haka ma haske da wari da taɓawar tufafi. Saboda haka galibin abin da ake kira taurin kai martani ne ga wani abu da ke damunsa, aikin iyaye na farko kuma shi ne gano wannan abin. Bulala ba ta gano shi.

Galahanga, wadda ake kira autism da Turanci, yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke girma, gado kuma yana da hannu babba a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi. Ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne, allurar rigakafin da ake yi a wajen awo kuma ba ta kawo shi.

Ku fara da littafi

Ku sayi ƙaramin littafin rubutu, ku raba kowane shafi gida huɗu: lokaci, abin da ya faru dab da rigimar, abin da yaron ya yi, da abin da ya biyo baya. Ku cike shi har sati 2 ba tare da kun canja komai a gida ba. Inda aka fi yin kuskure shi ne a rubuta "ya yi rigima" kawai. Wannan ba ya gaya wa kowa komai. A rubuta abin da ido ya gani: ƙarfe 4 na yamma an tada injin niƙa, ya toshe kunne, ya buga goshi a bango sau 3, aka kai shi ɗaki, ya lafa bayan minti 10. Gida na huɗu shi ake yawan mantawa, alhali shi ke nuna abin da yaron ke samu. Idan duk ihun da ya yi a miƙa masa waya, to ya koyi cewa da ihu ake roƙon waya. Idan kuma duk cizon da ya yi a makaranta a koro shi gida, ya gano hanyar tserewa daga hayaniyar aji. Kowa da ke kula da shi, har da kaka da yayye, ya rubuta a littafi ɗaya. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko ya faɗa a rubuta masa.

Kafin ku ɗora laifi kan ƙara, ku duba ciwo. Yaron da ba ya magana ba zai ce haƙori ko kunne na masa ciwo ba, sai dai ya mari fuskarsa ko ya daina barci. Duk halin da ya ɓullo farat ɗaya, a duba haƙori, kunne, zazzaɓi da wahalar bayan gida, wadda ta yi yawa ga yaran da ke cin abinci kala biyu ko uku kaɗai. Farfaɗiya ma ta fi yawa a cikinsu, kuma ba kullum take zuwa da faɗuwa ba: wani lokaci ƙura ido ne na 'yan daƙiƙu, ana kira ba ya amsawa. Ku ɗauki bidiyonsa a waya ku nuna wa likitan yara. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen yara da na kunne, gwajin ji kuwa ya kamata a yi wa duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri.

Bori daban, birkicewa daban

Mai bori yana son abu ne, yana kuka yana satar kallonku, da ya samu sai ya yi shiru. Wanda ya birkice kuwa ba ya kallon kowa, ko an ba shi abin da ya fi so ba ya karɓa, domin jikinsa ya kai maƙura kamar tukunyar da ta tafasa ta zubo. A wannan hali ba a koyar da tarbiyya. Mutum ɗaya ya tsaya da shi, sauran su ja baya. Wannan shi ne mafi wuya a gidan haya, inda kowa ke fitowa da tasa shawarar, don haka ku yi wa maƙwabta bayani tun ranar da ake zaman lafiya. A kawar da kurfoti da ruwan zafi da wuƙa, a kashe rediyo, a rage magana zuwa kalma biyu ko uku da murya ƙasa-ƙasa. Idan yana buga kai, a sa matashi ko hannu tsakanin kansa da bango. Kada a danne shi ruf-da-ciki, kada a hau bayansa, yin haka na iya hana shi numfashi. Bayan ya lafa a ba shi ruwa a bar shi ya huta. Faɗa a wannan lokacin sabuwar rigima yake tadawa.

A ɗaki ku ware masa lungu, ko da zani ne aka rataya tsakanin gado da bango, da tabarma da abu biyu da yake so. Wurin hutu ne, kada ya zama wurin horo, in ba haka ba zai ƙi shiga ranar da ake bukata. Abin rufe kunne irin na masu aikin injin katako yana rage ƙara sosai, amma a sa shi lokacin bukata kaɗai, kamar a motar haya ta trotro, ranar Sallah ko wurin biki. Idan ya yini da shi kullum, kunnen na iya ƙara tsananin jin ƙara. Babbar kasuwar Kejetia kuwa ba wurin fara koyon fita ba ne. A fara da shagon unguwa da sassafe, minti 5, a dawo tun bai gaji ba, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Wajen taɓawa, shafa mai sauƙi ta fi damun da yawa daga cikinsu fiye da riƙo mai ƙarfi. A yanke tambarin wuyan riga, a wanke sabon yunifom ko kayan Sallah sau biyu kafin ya sa, a lokacin hunturu kuma a shafa masa man kaɗe da tafin hannu a danne, idan warin bai dame shi ba. Wanka a fara daga ƙafa, kada a kwarara masa ruwa a ka ba zato. Aski a gwada da almakashi a gida idan ƙarar injin ce matsalar.

Akwai kuma yaran da jikinsu neman motsi yake: tsalle, juyi, kaɗa hannu. Muddin ba ya cutar da kowa, a ƙyale shi, da shi yake kwantar da hankalinsa. Hana shi kan ƙare da cizo. Irin waɗannan suna amfana da aiki mai nauyi daidai ƙarfinsu, kamar ɗaukar galan mai lita 2 ko 3 daga famfo ko tura bokitin wanki, musamman kafin a zauna karatu. Amma mai cin ƙasa, gawayi ko ɓawon fenti, a kai shi a duba jininsa, kuma a ɓoye ƙananan batura, haɗiye su na iya kisa.

Hoto ya fi dogon bayani

Ku ɗauki hoton ainihin kayansa, bokitinsa, kofin kokonsa, ƙofar makarantarsa, ku wanke hotunan ku jera 3 zuwa 5 a kwali. Nuna masa biyu a lokaci guda: wanka tukuna, sannan koko. Idan kun ba da umarni ku ƙirga 10 a zuci kafin ku maimaita, kuma da kalmomin farko za ku maimaita, domin sauya su na sa ya sake fassara daga tushe. Jin Hausa a gida, Twi a waje da Turanci a makaranta ba ya ƙara masa matsala, don haka kada a daina yi masa Hausa. Ku koya masa hanyar cewa "ya isa" ko "ina so", da hoto ko da alamar hannu, kuma ku amsa nan take duk sanda ya yi amfani da ita. In ihu ya fi ta saurin biyan bukata, ihun zai zaɓa.

Abinci: a ajiye ɗan cokali ɗaya na sabon abu gefe da abin da ya saba ci, ba a cakuɗa ba, ba tilas. Yakan ɗauki gwaji fiye da 10 kafin ya ɗanɗana. Ɓoye magani ko sabon abu cikin kokonsa na iya sa ya daina shan kokon ma.

Fita ba sani ita ce haɗari mafi girma, ga manyan kwatoci da ke cika da damina, ga titi. A sa sakata sama inda hannunsa ba ya kai, a ɗinka lambar waya a cikin rigarsa, masu shago na kusa su san shi. Ɗaure shi da igiya ko sarƙa ba mafita ba ce. Idan ya ɓace, a fara duba wuraren ruwa, a kira lambar gaggawa ta 112.

Dokar masu bukata ta musamman ta 2006, wato Act 715, da manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 sun ba shi haƙƙin karatu. Ku yi masa rajista a ofishin jin daɗin jama'a na majalisar Asokore Mampong, ko ta yankinku, inda ake neman tallafin da ake ware wa masu bukata ta musamman. Ranar ganin malamin aji ko malamin makarantar allo, ku tafi da littafin nan, ku roƙi abu biyu kacal da farko: a zaunar da shi nesa da ƙofa da ƙararrawa, kuma a bar shi ya fita minti 5 idan ya nuna alamarsa.