Matakan rage sukari a shayin fada

A Tawa, kamar a Yamai, da wuya a tashi daga fada, wato majalisar hira ta abokai, ba a sha shayi zagaye uku ba, kuma kowane zagaye da sukarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum yake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12.

Mataki na farko shi ne ka ƙidaya. Ka yi mako guda kana rubuta kofunan da ka sha da lokacin da ka sha su, ba tare da ka canza komai ba.

Na biyu, ka tsayar da buri mai adadi da wa'adi. Cewa "zan rage sukari" fata ne kawai. Amma cewa "daga Litinin zan tsaya a kofi biyu har ƙarshen wata" abu ne da za a iya aunawa.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, ka shirya amsarka tun kafin a miƙo maka kofi. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa shirin "idan kaza ya faru, zan yi kaza" yana taimaka wa mutum ya cika niyyarsa. Misali: idan aka kawo zagaye na uku bayan la'asar, zan yi godiya in sha ruwa. Ka sanar da mai dafa shayin tun da wuri, domin ƙin karɓar kofi ba bayani yana iya zama kamar raini.

Daga nan ka riƙa duba takardarka kowace Juma'a. Idan ka zame rana ɗaya, ka ci gaba washegari, kuma mai ciwon sukari ya tuntuɓi likita kafin ya fara.