Yadda Ake Shiga Duwatsun Abzin da Mota Tsakanin Bazara da Damina

Duk wanda ya ɗaura niyyar tuƙa mota daga Damagaram zuwa Agadas, daga nan ya kutsa cikin duwatsun Abzin tsakanin watan Yuni da Satumba, ya kamata ya sani tun daga gida cewa rana da ruwa ne za su tsara masa tafiyarsa. Kowa yana tsoron ƙishirwa a hamada, kuma da gaskiyarsa, amma a waɗannan watanni ruwan da ke gangarowa daga kan dutse ya fi saurin halaka matafiyi, domin shi ne mutane ba sa yi wa tanadi.

Kafin komai sai a tabbatar da lafiyar hanya. Yankin Agadas ya sha fama da ’yan fashi da masu garkuwa da mutane, kuma an binne nakiyoyi a wasu sassa lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, saboda haka ba a shiga dutse sai da sanin hukuma, da rakiyar jami’an tsaro in an wajabta ta, da kuma ɗan jagora haifaffen ƙasar wanda yake jin Buzanci. Ba a kauce wa sawun motocin da suka gabata komai kyawun fili. Mai fitowa daga Najeriya ya riƙe fasfo da takardun mota cikakku, ya kuma bincika ƙa’idar iyaka, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025.

Motar da ta dace ita ce mai ja da ƙafa huɗu, wadda mutanen Nijar suke kira katkat, kuma a ganina ganganci ne a tafi da mota ɗaya tilo, domin idan ta ƙi tashi a bayan dutse, babu layin waya, babu bakanike. A tafi da biyu. Kowace ta ɗauki safaya biyu, da kayan faci, da famfon iska, da jak tare da katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, da shebur, da igiyar ja, da fanbel na ajiya. Mai kuwa a cika tanki da jarkoki tun daga Agadas, a kuma lissafa fiye da abin da motar ta saba sha a kan kwalta, saboda rairayi da hawan dutse suna cin mai ƙwarai.

Ruwan sha kada ya gaza lita shida ga kowane mutum a rana, ban da na girki da alwala da na lagireto, sannan a ƙara na kwana biyu wanda ba a taɓawa sai ta ɓaci. A rarraba shi cikin jarkoki da yawa, don in ɗaya ta fashe kada a rasa duka. Direbobin wannan hanya suna naɗe jarka da tsumman buhu, su jiƙa shi, su rataye a jikin mota, iska tana bugawa ruwan yana yin sanyi kamar na randa. Guzurin da ya fi jure zafi shi ne dabino da cuku da ƙuli-ƙuli da garin gero, ga kuma shayi, wanda ba a zama da Abzinawa ba tare da shi ba.

Daga Damagaram zuwa Agadas, ta Tanut da Adarbisanat, kimanin kilomita 450 ne. A tashi da sallar asuba, domin a watan Yuni zafi yakan haura digiri 40, kuma da rana ta take tayoyi da inji duk suna cikin wahala. Da hantsi ya daga sosai sai a nemi inuwa a ya da zango har la’asar. A Agadas ya cancanci a kwana biyu, a ziyarci babban masallacin mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, a tsakiyar tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, a kuma ji labarin hanya daga bakin direbobin da suke sauko da albasa daga lambunan dutse.

Daga Agadas zuwa garin Timiya da ke cikin duwatsun, ta hanyar Elmeki, kilomita ɗari biyu da ’yan kai ne, amma yini guda ake yi, saboda hanyar tana faɗawa cikin busassun ƙoramu, waɗanda ake kira kori, tana fita kan baƙaƙen duwatsu. A cikin rairayi ana rage iskar taya don ta baje, a riƙe giya guda ba tare da canja ta ko taka birki da ƙarfi ba, kuma da zarar an hau tsakuwa sai a mayar da iskar, in ba haka ba kaifin dutse ya yanka gefen tayar. Idan mota ta kafe, kada a ci gaba da ba ta wuta, domin ƙara binne kanta za ta yi. A sauka a share gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa rassa ko tabarma. A gangara kuwa ƙaramar giya ce za ta riƙe motar, saboda birkin da aka danne tsawon lokaci yana zafi ya daina kamawa.

Maganar kori ita ce nake so mai karatu ya fi riƙewa. Cikinsa shimfiɗaɗɗen yashi ne mai laushi, ga inuwar goriba a gefe, har gajiyayyen matafiyi ya ji babu wurin kwana kamarsa. To, ruwa yana iya zuba a kan wani dutse mai nisa alhali sama tana garau a inda ake, bayan sa’a ɗaya ko biyu sai a ji ruri kamar na babbar mota, jan ruwa ya taho da itatuwa da duwatsu. Ambaliyar da ta rushe gidaje da dama a Agadas a watan Satumbar 2009 daga irin wannan ruwan dutse ta fito. Don haka ba a kwana a cikin kori, ba a ajiye mota a cikinsa, kuma in an tarar yana gudu ba a gwada tsallakawa ko da bai kai gwiwa ba, domin yashin ƙasa yana zamewa. A hau tudu a ɗora shayi a jira, galibi cikin ’yan sa’o’i yake janyewa, sannan wani ya taka da ƙafa ya ji ƙarfin ƙasa kafin mota ta bi.

Ladan wannan wahala yana Timiya, inda ake tarar da lambunan lemo da rumman da dabino a gindin ƙonannun duwatsu, da magangarar ruwa da ke zuba cikin tafki a wajen gari. Mai ƙarfin ƙafa da ke son ganin tsaunin Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take da mita 2,022, sai ya bar motarsa a gindin dutse ya ɗauki hayar jakai, ya kuma tafi da bargo, domin dare a can sama yana da sanyi ko a tsakiyar zafi.