Asabar ɗaya a tsibirin Legas

Ka fito da sassafe, kafin gadar Third Mainland ta cushe. Ni daga Agege nake tasowa, in karya da koko da ƙosai tukuna.

Fara da gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Jama'a na tururuwa wajen sassaƙen Benin, ni kuwa kullum ƙafata sai ta kai ni gaban baƙar Marsandin Janar Murtala, wadda aka harbe shi a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ramukan harsasai na nan a jikinta har yau. Tsaya ka ƙare mata kallo, babu mai korarka.

Azahar sai babban masallaci da ke titin Nnamdi Azikiwe. Daga nan ka gangara Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawan mulki da aka mayar wurin shaƙatawa. Da yamma makaɗa kan hau dandali.

Tsire kuwa sai Obalende. Ka yi wa mai nama sallama, ka ce, "Malam, a ƙara yaji da albasa." Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, don taransfa kan maƙale da dare.