Yadda Ake Auna Labarin da Mawaƙi Ya Bayar Kan Asalin Waƙarsa

"Me ya sa ka yi wannan waƙa?" Da wuya a yi hira da mawaƙi ba a jefa masa wannan tambaya ba, kuma amsar takan fi waƙar ma daɗin ji. Kafin ka haɗiye ta, ga yadda za ka auna ta.

Da farko, nemo ranar da ya soma ba da labarin, ka jera ta da abin da ya faɗa daga baya. Labari ƙiba yake yi da yawan faɗa. Neil Diamond ya saki "Sweet Caroline" a 1969. A 2007 ya ce hoton Caroline Kennedy, ɗiyar tsohon shugaban Amurka, tana ƙarama, shi ya sa shi yin waƙar. A 2014 kuma sai ya ce matarsa ta lokacin yake nufi, sunanta ne bai hau karin ba, ya nemi mai gaɓa uku. Baki ɗaya, zance biyu.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake: duba wa yake faɗa wa, me kuma yake nema a lokacin. Mawaƙin da ke tallan sabon faifai kasuwa yake ci. A 2013 Robin Thicke ya shaida wa mujallar GQ cewa shi ya ba Pharrell Williams shawarar su yi wani abu irin "Got to Give It Up" ta Marvin Gaye, daga nan "Blurred Lines" ta fito. Da zargin kwafar waƙar Gaye ya kai kotu aka sa shi ya yi rantsuwa, sai ya lashe amansa. Ya ce a buge ya yi hirarrakin, kuma Pharrell ne ya yi kusan dukan aikin, shi dai ya so a yaba masa ne. Maganar tasa ta farko ta dawo ta cije su, domin a 2015 aka yanke wa iyalan Gaye diyyar fiye da dala miliyan 7, kafin a rage. Ni dai na fi ba abin da aka faɗa gaban alƙali nauyi, ko da yake a nan ma kowa kansa yake karewa.

Na uku, tambayi abin da ake iya taɓawa: daftarin baitoci, kaset ɗin gwaji, ranar shiga situdiyo. Shekaru mutane suka yi suna cewa "Lucy in the Sky with Diamonds", waƙar ƙungiyar Beatles ta 1967, kirarin ƙwayar maye ta LSD ce, saboda haruffan farko na Lucy, Sky da Diamonds. John Lennon, ɗan ƙungiyar da ya rubuta ta, ya dage cewa zanen da ɗansa Julian ya kawo daga makaranta ne asalin sunan, Julian kuma ya tabbatar da haka da ya girma.

Ka kuma ji ta bakin makaɗa da furodusa da suke ɗakin.

Sannan ka sa kunnenka. George Harrison ya ce waƙar coci "Oh Happy Day" ce ta zaburar da shi ya yi "My Sweet Lord" a 1970. Kunna "My Sweet Lord", ka bi ta da "He's So Fine" ta ƙungiyar Chiffons, za ka ji karin ɗaya. A 1976 alƙali ya yanke cewa Harrison ya kwafa, amma ba da saninsa ba: ya taɓa jin waƙar, ta kwanta masa a ka, ta fito yana zaton tasa ce.